Bargo Mai Gida-Gida da Karatun Takardar Saƙa: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar an gama girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa a Gusau, sai masu neman koyon kwarashi su yi mini yawa. Wasu su zo tsakar gidana da zarensu a leda, wasu su turo saƙon murya daga Ƙauran Namoda, Tsafe ko Talatar Mafara. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kowace shekara, shi ya sa na ga gara in tattara su wuri guda. Da mace nake magana saboda mata ne suka fi zuwa, amma namijin da ke so ya koya, bisimilla. Ai maza ne ke ɗinkin hula da aikin babbar riga tun kaka da kakanni.

Anti, mene ne wannan bargon mai gida-gida da ake cewa afgan?

Bargo ne da ba a saƙa shi gaba ɗaya. Ana saƙa ƙananan yanki masu kusurwa huɗu, kowanne shi kaɗai, in sun taru a haɗa su. Kowane yanki shi nake kira gida. Turawa na kiran bargon da aka saƙa da hannu afgan, sunan da ya samo asali daga ƙasar Afganistan, duk da cewa salon gida-gidan nan a Amurka da Ingila ya yi fice. An fara buga tsarinsa a rubuce tun ƙarshen ƙarni na 19, ya kuma yi tashe sosai a shekarun 1970. Mafi shaharar gidan suna ce masa gidan kaka, kuma amfaninsa tun farko shi ne cinye guntayen zaren da suka rage daga wasu ayyuka.

Abin da ya sa nake fara wa ɗalibai da shi: yana shiga jaka. Ki saƙa ɗaya kina jiran layi a asibiti, ɗaya kafin shinkafa ta tsotse, ɗaya bayan isha'i. In kin yi kuskure, tafin hannu ɗaya za ki warware, ba rabin bargo ba.

Me zan saya kafin in fara?

Kwarashi ɗaya, zare, almakashi, allura mai faɗin kafa marar kaifi, da tef ɗin awo irin na tela. Shi ke nan. Kwarashin ki duba jikinsa, akwai lamba ta milimita. Ga zare matsakaici, milimita 4 zuwa 5 ya yi. Ki fara da zare mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai, don ki riƙa ganin inda kike soka kwarashi. Baƙin zare da dare, ga wuta ba tabbas, wahalar da ido ne kawai.

Ulun da ake sayarwa a kasuwa, ulu ne na gaskiya?

Mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik, mu dai mun saba ce wa duka ulu. Kuma ba laifi ba ne: yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cin sa. In kina so ki tabbatar, yanki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana a kan faranti. Na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Na auduga zai ci wuta ya yi warin takarda, ya bar toka mai laushi. Na tunkiya kuwa warin ƙonannen gashi za ki ji.

Ga yanayinmu, bargon roba na watanni uku ne, Disamba zuwa Fabrairu. Da Maris ta shigo, zafin Zamfara ba ya barin kowa ya kusance shi. In abin shimfiɗa a kujera ko rufin teburi ko jaka kike so, auduga ta fi. Abin takaici, ƙasar da aka san ta da noman auduga, zaren saƙarta sai an yi sari daga Kano ko Legas.

Gargaɗi ɗaya da na koya da asara: ki sayi duk zaren da aikin zai ci a rana ɗaya. A jikin takardar da aka naɗe ƙullin zare akwai lambar launi, akwai kuma lambar tukunyar rini. Launi ɗaya daga tukunya biyu yakan bambanta. Na taɓa yi wa wata amarya bargo shuɗi, zare ya yanke mini saura gida shida, na koma shagon aka ba ni “irinsa sak”. A cikin ɗaki ba a gane komai. Ranar da aka shanya shi a rana, gidajen nan shida suka fito fili kamar faci a tsohuwar riga.

Ban yi nisa a boko ba. Zan iya karanta takardar saƙa da aka rubuta da Turanci?

Za ki iya, kuma a nan nake so in daɗe. Takardar saƙa ba labari ba ce, lissafi ne. Matar da ke riƙe da adashin mutum ashirin a kanta ba tare da littafi ba, wannan ba zai gagare ta ba. Gajerun alamomi ne da ba su wuce goma ba suke ta maimaituwa, sai lambobi. Ga su, tare da sunan da muke kiran su a ajinmu:

ch, sarƙa ke nan. Ki naɗa zare a kwarashi ki jawo ta cikin idon da ke kai.

sl st, muna ce masa rufi. Ki soka, ki naɗa, ki jawo ta cikin komai lokaci guda. Ba shi da tsayi, da shi ake rufe zagaye.

sc, gajeriyar sanda. Ki soka, ki jawo zare, ido biyu ke nan a kwarashi, ki naɗa ki fitar ta cikin biyun.

hdc, matsakaiciya. Ki naɗa kafin ki soka, ki jawo, ido uku, ki naɗa ki fitar ta cikin ukun gaba ɗaya.

dc, doguwar sanda, uwar aikin gida-gida. Ki naɗa, ki soka, ki jawo, ido uku. Ki naɗa ki fitar ta biyu, ki sake naɗawa ki fitar ta biyun da suka rage.

tr, zanƙaleliya. Naɗi biyu kafin soka, sannan a fitar biyu-biyu har sau uku.

Sai ƙananan kalmomi: sp fili ne, wato ramin da sarƙa ta bari, sk ki tsallake, rep ki maimaita, rnd zagaye. Idan kin ga 3 dc, doguwa uku ake nufi. Idan kin ga ch 2, sarƙa biyu. Abin da aka sa tsakanin baka biyu, duk a rami ɗaya za ki zuba shi, ko kuma ki maimaita shi adadin da aka rubuta a gabansa. Tauraro kuma alamar “daga nan” ne: in aka ce ki maimaita, wurin tauraron za ki koma. Lambar da ke ƙarshen layi ita ce adadin sandunan da ya kamata ki samu in kin gama. Wannan lambar ita ce alƙalinki. Ba ta yi daidai ba, kada ki wuce.

Dabarar da nake ba kowa: ki samu littafin rubutu na ɗan makaranta, ki kwafe tsarin da Hausa layi-layi kafin ki taɓa zare, da boko ko da ajami, wanda ya fi miki sauƙi. Kin gama layi, ki soke shi da biro. Yaro ya yi kuka kin tashi, in kin dawo kin san inda kika tsaya.

Na bi takarda daidai, amma nawa ya fito ɗan mitsitsi, bai kai na hoton ba. Me ya faru?

Wataƙila kin faɗa ramin da kowa ke faɗawa: Amurka da Ingila sunaye ɗaya suke amfani da su, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Abin da Ba’amurke ya kira sc, Baturen Ingila dc yake ce masa. Abin da Ba’amurke ya kira dc, a Ingila tr ne. Kullum sunan Ingila na gaba da mataki ɗaya. To in kika ɗauki takardar Amurka kika karanta ta da ma’anar Ingila, duk inda ake son doguwa gajeriya za ki sa, aikin ya tsuke. In kika yi akasin haka kuma, ya yi zololo.

Gane su ba wuya. Ki leƙa takardar daga sama zuwa ƙasa. Kin ga sc ko hdc a ko’ina, ta Amurka ce, domin Ingila ba su da waɗannan. Kin ga htr, wato sunansu na matsakaiciya, ta Ingila ce. Ba ki ga ko ɗaya ba, ki dubi hoton: gidan kaka da aka rubuta da tr uku-uku na Ingila ne, wanda aka rubuta da dc uku-uku na Amurka. Sunayen da na jero a sama na Amurka ne, su kika fi cin karo da su a intanet.

Haka lambar kwarashi. Amurkawa harafi suke sawa: G milimita 4 ne, H milimita 5, I milimita 5.5, J milimita 6. Awonsu kuma da inci: inci ɗaya santimita 2.54 ne, gidan inci 6 ya kama kusan santimita 15, na inci 12 kusan 30.

To koya mini gida ɗaya daga farko.

Sarƙa 4, ki rufe da ta farko ta zama zobe.

Zagaye na ɗaya: sarƙa 3, wadda ke tsayawa a madadin doguwa ɗaya. Doguwa 2 a cikin zoben, sarƙa 2. Sai doguwa 3, sarƙa 2, har sau uku. Ki rufe a kan sarƙa ta uku ta farkon. Yanzu kina da gungu 4 (kowace doguwa uku gungu ɗaya ce), sanda 12, da rami 4. Ramukan nan su ne kusurwoyi.

Zagaye na biyu: ki bi da rufi har ki shiga ramin kusurwa. Sarƙa 3, doguwa 2, sarƙa 2, doguwa 3, duk a ramin. Sarƙa 1, ki tsallaka kusurwa ta gaba ki zuba doguwa 3, sarƙa 2, doguwa 3. Haka har ki zagayo. Gungu 8, sanda 24.

Zagaye na uku: kusurwa kamar yadda kika yi, gungu biyu da sarƙa 2 a tsakani. Sabon ramin da ya fito a gefe kuma gungu ɗaya kawai yake ɗauka. Gungu 12, sanda 36. Na huɗu 16 da 48. Kowane zagaye sanda 12 yake ƙaruwa, ko za ki yi talatin. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe gidan kaka, sauran duk ado ne.

Za ki ga wasu suna farawa da zoben zare da ake zugewa ya rufe ruf. Yana da kyau a ido, amma in ba a ɓoye jelarsa da kyau ba, wanki uku sai tsakiyar gidan ta buɗe. Ga bargon yara, ni sarƙa 4 nake yi.

Wasu takardun ba rubutu, sai zane mai kama da sawun kaji. Yaya ake yi da su?

Ni su na fi so, domin ba su da yare. Zanen da aka yi a Japan ko Rasha ko Turkiyya, za ki karanta shi a Bunguɗu ba tare da tafinta ba. Ɗan ƙwai sarƙa ce. Ɗigo baƙi rufi ne. Alamar tarawa ko ta sau gajeriyar sanda ce. Harafin T shi kaɗai matsakaiciya, T mai karan tsaye da aka gitta sau ɗaya doguwa, mai gitta biyu zanƙaleliya. Yawan gittar shi ne yawan naɗin da za ki yi kafin ki soka. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, ana zagayawa saɓanin tafiyar hannun agogo. Ƙafar kowace alama tana nuna ramin da za ki soka.

Ni bahaguwa ce.

Komai ɗaya ne, sai dai ke tafiyar agogo za ki bi. Ki zauna gaba da gaba da mai koya miki, ba gefe da gefe ba, ki kwaikwaye ta kamar madubi. Kada kowa ya tilasta miki komawa dama.

Gidana yana lanƙwashewa kamar ƙoƙo, na ƙawata kuma yana tattarewa kamar bakin siket. Waye ya yi kuskure?

Ku duka ku fara ƙirga. In sandunan sun cika, to hannu ne. Ƙoƙo alamar kin matse zare da yawa, ko kin manta sarƙar kusurwa: ki ɗauki kwarashin da ya fi girma da rabin milimita ko ɗaya. Tattara alamar sakin hannu ne ko sarƙa ta yi yawa: ta rage kwarashi, ko ta cire sarƙa 1 ɗin da ke tsakanin gungu a gefe.

Akwai na uku, gidan da ke murɗewa kamar ana juya shi, tsakiya ta karkace. Wannan ba laifin kowa ba ne, sanduna ne ke ɗan jingina gefe ɗaya, karkatar na taruwa zagaye bayan zagaye. Maganinsa ki riƙa juya aikin bayan kowane zagaye, wannan ta fuska, na gaba ta baya.

Dole ne in yi gwajin awo da suke rubutawa a farkon takarda?

Takardu kan ce sanda kaza da layi kaza su ba da santimita 10. Ga riga ko hula, dole ne. Ga bargo, in ya ɗara ko ya gaza da ɗan yatsa ba wanda zai kai ƙara. Abin da ba ya yafuwa shi ne gidajen su bambanta da juna. Gidan farko da kika gamsu da shi, ki ajiye shi ya zama ma’auni, duk wanda kika gama ki ɗora a kansa. Hannu yana canzawa: ranar da kike cikin fushi za ki ga aikin ya tsuke. In kuwa ku da yawa ne kuke haɗa bargon gudummawa, ku yi yarjejeniya da santimita, ba da yawan zagaye ba. Mai matsattsen hannu ta ƙara zagaye ɗaya na gajeriyar sanda ta cike.

Gida nawa ne bargo, kuma ƙulli nawa zan saya?

Da gidan santimita 15: biyar a faɗi, shida a tsawo, gida 30, zai ba ki santimita 75 da 90, na goyo ke nan. Takwas da goma, gida 80, zai ba ki 120 da 150, na rufa a kujera. Na gado ki auna katifar ki raba da 15.

Zare kuwa kada ki yarda da kintace, nawa ko na mai shago. Ki saƙa gida ɗaya ki ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu yin kek. A ce ya yi giram 12: gida 30 giram 360 ke nan. Ki ƙara kamar kashi ɗaya cikin biyar saboda haɗi da baki, sannan ki raba da nauyin da aka rubuta a jikin ƙullin. In ba sikeli, ki saƙa ƙulli ɗaya har ya ƙare ki ƙirga gida nawa ya ba ki.

Yaya ake haɗa su?

Ki shimfiɗa su duka a tabarma tukuna, ki jujjuya launuka har ranki ya kwanta, ki ɗauki hoto da waya. Sannan ki zaɓa. Ɗinki da allura, fuska da fuska, shi ya fi kwanciya lafiya. Rufi da kwarashi ya fi sauri da ƙarfi. Gajeriyar sanda ta fuskar aiki tana barin kunya a tsakanin gidaje kamar ta gona, wasu suna son ta don ado. Akwai kuma haɗi a zagayen ƙarshe, inda kike maƙala sabon gida da maƙwabcinsa kina cikin saƙa shi. Yana rage aiki, amma sai kin riga kin yanke shawarar jerin launi. Ko wanne kika ɗauka, ki haɗa layukan tsaye duka, sannan na kwance, kuma ki tabbata kusurwa ta haɗu da kusurwa. In an gama a zagaye bargon da baki, kusurwa na samun ƙarin sanda kamar dai a gida.

Jelar zaren nan da ke reto ko’ina, ba zan ƙulle in yanke ba kawai?

A’a, ’yar’uwa. Zaren roba santsi gare shi, ƙulli yana kwancewa a wanki. Duk inda kika yanke ki bar santimita 15, ki zura a allura, ki bi ta cikin ƙafafun sanduna ta baya, ki dawo, ki sake komawa, sannan ki datse. Kuma ki yi wa kowane gida nasa da zarar kin gama shi. Gida mai launi huɗu jela takwas gare shi. Gida 80 jela 640 ke nan. Na san bargunan da suka shekara a ƙasan akwati saboda wannan kaɗai.

Zan iya goge shi ya miƙe?

Kada dutsen guga ya taɓa zaren roba, na wuta ko na gawayi. Zai narke ya yi ƙyalli ya saki jiki, kuma ba ya dawowa. Ki jiƙa gidan, ki matse a cikin tawul, ki shimfiɗa a kan katifa ko kwali, ki ja shi daidai awo ki kafe kusurwoyin da fil, ki bar shi ya bushe. Da hunturu kafin la’asar ya bushe. Wanki kuma da ruwan sanyi da hannu, ba murɗawa, a shanya a kwance a inuwa. In kika rataya shi a igiya da ruwa a jikinsa, nauyin zai ja shi ya zama wani abu dabam.

Ya dace da jariri?

Don kai wa barka ko ranar suna, babu kyautar da ta fi shi. Sai dai ramukan gidan kaka suna kama ’yan yatsu, don haka ga sabon haihuwa ki zaɓi gida cikakke marar rami, kuma ban da duwatsu ko maɓalli. Ki faɗa wa mai jego kada a lulluɓe masa fuska da shi, kada kuma a bar shi da shi yana barci ba mai kallo.

Ina zan samu takardun, kuma halal ne in sayar da abin da na saƙa daga tsarin wata?

Akwai na kyauta birjik a YouTube da Pinterest da Ravelry, kamfanonin zare ma suna sakawa a shafukansu. Ki yi hattara da hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira yanzu, masu kyau kamar a mafarki, da babu hannun da zai iya saƙa su. In ba ki ga sanduna ɗaya-ɗaya da za ki iya ƙirgawa a hoton ba, ko ba a nuna aikin a hannun mutum ba, kada ki ba da kuɗinki.

Yawancin masu tsari suna yarda a sayar da abin da aka saƙa, sukan rubuta sharaɗinsu a ƙarshen takarda. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne a ɗauki takardar da suke sayarwa a watsa a zauren WhatsApp. Haƙƙin mutum ne, ko yana Kanada.

Hajiya ta ce kuɗin da na faɗa ya yi yawa, bargon kanti ya fi araha. Me zan ce mata?

Gaskiya ta faɗa, ya fi araha, inji ne ya yi shi. Irin wannan saƙar kuwa hannu ne ya soka kowace sanda. Ki duba agogo ki ga minti nawa gida ɗaya ke ci miki har da ɓoye jela. In rabin awa ne, gida 80 awa 40 ne, ba a sa haɗi da baki ba. Ki haɗa kuɗin zare, kuɗin mota zuwa kasuwa, da ladan awannin nan, ki faɗa mata cikin ladabi: “Hajiya, ga na zare, ga na hannu.” Ki karɓi kuɗin zaren kafin ki fara. In ya yi mata nauyi, ki nuna mata rigar filo mai gida huɗu ko jaka mai gida goma sha uku, waɗannan kwana biyu zuwa uku sun ishe ki.